Gwangwanin Pi Rothangi

A Champhai, inda gajimare ke kwana a ƙasan gidaje,
kakata Pi Rothangi ta raine ni,
mace gajera mai faffaɗan tafi.
Safe da yamma, kafin ta ɗora tukunya,
sai ta nutsa hannu cikin shinkafar da ta auna,
ta ɗebi dintsi guda,
ta zuba a tsohon gwangwanin biskit na gefen murhu.
"Rabon Baƙo ne," in ji ta.
Na daɗe ina leƙen ƙofa,
ban ga ranar da Baƙon ya cire takalmi ya shigo ba.

Ƙarshen wata matan zumunta kan haɗa nasu,
a sayar, a liƙe kuɗin cikin ambulan,
a aika wa masu kai bishara can bayan duwatsu,
garuruwan da ko sunansu ba ta iya faɗa daidai.

Sai shekarar da dajin gora ya yi fure.
Yara muka yi ta murna, tsofaffi suka yi tsit,
sun san abin da ke bin bayan furen nan.
Ɓeraye suka ƙoshi da 'ya'yan gora, suka hayayyafa,
dare ɗaya suka gangaro gonaki
kamar an kwance bakin buhu.
Gari ya waye, kara kaɗai ke tsaye.

Kawu Zakhuma ya dafe murfin gwangwanin.
"Inna, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Allah ba Ya jin yunwa, mu muke ji."
Ba ta yi masa wa'azi ba.
Ta ce, "Shekarun da rumbu ya cika
ban tambaye Shi dalili ba.
Ɗaga hannunka."
Nata hannun na rawa, na gani da idona.

Ba zan yi muku ƙarya ba:
gwangwanin bai taɓa cika da kansa ba.
Mun ci doyar daji, mun ci zuciyar ayaba,
aka sayar da alade, aka sayar da agogon bango.
Wani dare na saci dintsi daga rabon Baƙo,
na tauna shi ɗanye cikin bargo.
Ta ji ƙarar haƙorana, ta juya fuska bango.
Washegari sau biyu ta ɗiba,
ta ce cikinta ne ba ya son abinci.

Bayan shekaru na gama koyon jinya a Aizawl.
Ikkilisiya ta yi cigiyar mai zuwa wani ƙauye,
tafiyar kwana huɗu, babu likita, babu majami'a.
Na miƙe tsaye.
Matar da ta yi shekara hamsin tana bayarwa
ba a taɓa ganin ta ɗaure fuska ba,
kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.
Ta tsagar bangon gora nake jin ta da tsakar dare:
"Ubangiji, dintsi muka yi da Kai.
Yanzu tukunyar Kake so gaba ɗaya?
Wa zai rufe mini ido?"
Ban ji amsar da aka ba ta ba.

Rana ta huɗu, da asuba, ta kama wuyan hannuna,
irin kamun da take wa shinkafa,
ta kai ni har bakin mota.
Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai buɗe tafinta.

Nan inda nake, duk wata ambulan na iso ni.
In ina ƙirga kuɗin ƙanshin hayaƙi nake ji,
na san murhu nawa aka rage wa tuƙi
kafin in sayi allura da auduga.
Ta rasu ina nan, wata maƙwabciya ce ta rufe mata ido.

Ni ma na samu gwangwani, na madarar gari.
Sai dai tafina bai kai nata faɗi ba,
don haka sau biyu nake ɗiba.